Yadda Ake Kwaikwayon Hoton Yaro Mai Yagaggiyar Malafa da Fentin Mai

A gidan adana kayan fasaha na birnin Boston da ke Amurka akwai wani ɗan ƙaramin hoto da aka zana da fentin mai a kan katako a shekarar 1820. Tsawonsa kusan santimita 49 ne, faɗinsa kuma 37. Yaro ne ɗan shekara 9, sanye da malafar da ta yage, wuyan rigarsa a buɗe, yana kallon mai kallonsa ido cikin ido. Thomas Sully ne ya zana shi, yaron kuma ɗansa ne na cikinsa, Thomas Wilcocks Sully, wanda shi ma da ya girma ya gaji sana'ar mahaifinsa. Sunan hoton da Turanci The Torn Hat, kuma da wannan sunan za ka nemo shi a intanet.

An haifi Sully a Ingila a 1783. Iyayensa 'yan wasan dandali ne, suka ƙaura da shi zuwa birnin Charleston na Amurka a 1792, daga baya ya zauna a Philadelphia har rasuwarsa a 1872. Ya zana fuskokin mutane fiye da 2,000, cikinsu har da Sarauniya Victoria ta Ingila a 1838. Amma duk cikin ayyukansa, wannan na ɗansa nake ba mai koyo shawarar ya kwaikwaya. Fuska ɗaya ce, launukan ba su da yawa, kuma malafar ta jefa inuwa a kan goshi da idanun yaron, ta yadda dole ka koyi abin da ya fi komai wuya a zanen yara: da inuwa ake gina fuskar yaro, ba da layi ba.

Masu zanen Amurka na wancan ƙarni sun san darajar inuwa har a aljihunsu. Ɗaya daga cikinsu, William Matthew Prior, ya taɓa tallata cewa duk mai son hoto shimfiɗaɗɗe marar inuwa zai biya kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na kuɗin aikin. Ka ga ke nan a lissafinsa kashi uku na wahalar yana cikin inuwa.

Hanyar da zan bayyana ita ce wadda ta fi dacewa da hannun mai koyo, da kayan da ake samu yau.

Mataki na 1: Ka zauna da hoton kafin ka taɓa buroshi

Ka nemo hoton mafi kyawun fita, ka buga shi a takarda har kwafi biyu, ɗaya mai launi, ɗaya baƙi da fari, kuma girmansu ya zama daidai da katakon da za ka yi aiki a kai. Kada ka dogara da fuskar waya kaɗai, domin haskenta yana sa launi ya yi ƙyallin da fenti ba zai taɓa yi ba.

Ka riƙe na baƙi da farin, ka ɗan runtse ido har sai ƙananan abubuwa sun ɓace. Abin da zai rage shi ne manyan yankuna na haske da duhu: duhun bayan yaron, hasken malafa, inuwar da ke ƙarƙashinta, hasken kumatu da haɓa, sai farin wuyan riga. Ka lura da inda haske ya fi ƙarfi da inda duhu ya fi kauri. Ka kuma lura cewa Sully bai ajiye yaron a tsakiyar katako cif ba, ya ɗan karkatar da shi gefe, abin da ya sa yake kama da wanda aka tsayar yana tsakiyar wasa. Idan ka maido shi tsakiya don ka “gyara”, ka kashe rabin ran hoton.

Mataki na 2: Kayan aiki

Kana buƙatar katako mai santsi, filawud mai kyau ko makamancinsa, a yanka maka 49 a 37. Sai farin shafen share fage da masu sayar da kayan zane ke kira jeso, da samfefa mai laushi, da gawayin zane, da ruwan tsinka fenti marar wari ko tafentain, da ɗan man linsid, da tsummoki na auduga, da allon gauraya fenti, da 'yar wuƙar gauraya shi. Buroshi huɗu sun isa: biyu masu faɗi da taurin gashi, ɗaya matsakaici, ɗaya siriri mai laushi.

Launuka bakwai ne: farin titaniyam, rawayar ƙasa da ake kira oka, jar ƙasa da ake kira siyana, ƙasa-ƙasa mai duhu da ake kira amba, ja mai haske irin kadmiyam, shuɗin altramarin, da baƙin aibori. Ka tabbata fentin mai ne na masu zane da ke cikin kwanson matsawa, ba fentin ƙofa da taga na gwangwani ba. Shi kansa wannan kwanso babu shi lokacin da Sully ya zana ɗansa. Wani mai zane Ba'amurke, John Goffe Rand, ne ya ƙirƙiro shi a 1841. Kafin nan niƙa launi ake yi da mai, a ƙunshe shi a mafitsarar dabba.

Farin da masu zanen zamanin Sully ke amfani da shi na dalma ne. Ka bar shi gare su. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Jan kadmiyam ma ba abin wasa ba ne: kada ka sa buroshi a baki, kada ka ci abinci da fenti a hannu, kuma ka ɗaga kayan inda yara ba za su kai ba.

Mataki na 3: Gyaran katako

Ka goge katakon da samfefa, ka share ƙurar, ka shafa jeso siriri sau uku, kowane shafi ya bushe ka ɗan goge shi kafin na gaba. Ka shafa wa bayansa da gefunansa ma, in ba haka ba zai lanƙwashe idan damina ta zo.

Bayan ya bushe sarai, ka tsinka ɗan amba da siyana har su zama kamar ruwan shayi marar madara, ka shafe fuskar katakon duka, ka bi da tsumma ka goge. Abin da ake so shi ne launi matsakaici, ba duhu ba, ba fari ba. Dalili kuwa, a kan farin fili kowane launi duhu yake yi wa ido, sai ka yi ta ƙara fari a fata har yaron ya fito fayau babu jini. Ka bar shi kwana ɗaya ko biyu.

Mataki na 4: Ɗora siffa

Ka ja layuka a kan kwafin baƙi da fari, tsaye da kwance, tazarar santimita 5, ka ja irinsu da gawayi a hankali a kan katako. Sai ka bi gida-gida kana ɗora abin da ka gani: bakin malafa, gefen fuska, layin idanu, ƙasan hanci, tsakiyar baki, haɓa, kafaɗu. Manyan siffofi kawai. Babu gashin ido, babu saƙar malafa.

A nan ne yawancin masu koyo ke mayar da yaro dattijo ba su sani ba, domin hannu ya saba da ma'aunin fuskar babba. Idon babba yana tsakiyar kansa ne, daga tsakar ka zuwa haɓa. Na ƙaramin yaro yana ƙasa da tsakiya, saboda ƙoƙon kai yana riga muƙamuƙi girma. Ɗan shekara 9 yana tsakanin biyun. Hancinsa gajere ne, karan hancin bai tashi sosai ba, tazarar hanci zuwa haɓa kaɗan ce, kumatu a cike, wuya siriri. Tsakanin ido da ido kuma kusan faɗin ido ɗaya ne. Malafa ta rufe saman kan, don haka sai ka ƙiyasta inda ƙoƙon kan yake a ƙarƙashinta ka ɗan zana shi, domin malafar ta zauna a kan kai, kada ta yi shawagi a iska.

Idan ka gama, ka ɗauki madubi ka kalli zanen ta cikinsa. Duk karkatar da idonka ya saba da ita ya daina gani, madubi zai tona ta. Ka gyara, sannan ka bi layukan da siririn buroshi da tsinkakken amba, ka kaɗe gawayin da tsumma.

Mataki na 5: Inuwa kafin komai

Da amba kaɗai, tsinkakke, ka cike duk inda yake duhu: bayan yaron, rigarsa ta sama, inuwar malafa a goshi da kewayen idanu, ƙarƙashin hanci, ƙarƙashin leɓe da haɓa. Inda haske yake kuma ka goge da tsumma har launin da ka shafa wa katakon tun farko ya ɗan leƙo. Kada ka sa fari ko kaɗan.

Ka ja baya taku huɗu ko biyar ka duba. Idan a wannan launi guda ɗaya yaron bai fara kama da na Sully ba, to babu wani ja ko rawaya da zai cece shi daga baya. Ka tsaya nan har sai kamar ta fito, ko da za ka goge ka sake. Amba na saurin bushewa, kwana ɗaya zuwa biyu ya isa.

Mataki na 6: Haɗa launin fata

Kafin ka taɓa katako, ka haɗa tuli huɗu a kan allo da wuƙa. Na haske: fari da ɗan oka da ɗigon ja. Na tsakiya: wannan ɗin dai, amma a rage fari a ƙara siyana. Na kumatu da leɓe: na tsakiya da ƙarin ja. Na inuwa: siyana da oka da ɗan amba, fari ɗan kaɗan ƙwarai. A gefe kuma ka haɗa ɗan toka-toka daga fari da baƙi da ɗigon shuɗi.

Ka gwada kowanne a ɗan guntun takarda, ka kara shi kusa da kwafin mai launi ka gani. Ka haɗa da yawa, domin idan tuli ya ƙare a tsakiyar kumatu, da wuya ka sake samo shi daidai.

Ka kiyaye doka ɗaya a duk aikin fentin mai: shafin ƙasa ya zama siriri mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai da kauri. Idan ka juya, na sama zai riga na ƙasa bushewa, nan gaba hoton ya tsattsage.

Mataki na 7: Fuskar

Nan ne aikin yake, kuma gara ka ware masa yini guda da hasken rana mai kyau, domin a gama shi fentin yana ɗanye.

Ka fara da inuwar malafa. Mai koyo da zarar ya ji “inuwa” sai ya kai hannu ga baƙi, sai goshin yaro ya fito kamar an shafa masa dauɗa. Ka sake duban hoton Sully da kyau. Inuwar nan tana da ɗumi, akwai ja da rawaya a cikinta, kuma ana ganin idanu da gira sarai a ciki. Dalilin shi ne malafar ba bango ba ce. Haske yana ratsa ta, yana kutsawa ta inda ta yage, wani kuma yana dawowa daga farar riga da kumatu ya haska ƙasan ta. Saboda haka ka shimfiɗa launin inuwa siriri, har ambar da ke ƙasa ta riƙa leƙowa. Inuwa ta zama siririya, haske shi ne mai kauri.

Daga nan ka sa launin tsakiya a gefunan fuska, sannan na haske a saman kumatu da kan hanci da haɓa. Ka ajiye kowane launi a mazauninsa, ka ɗaga buroshi, ka goge shi da tsumma kafin ka ɗebo wani. Kada ka yi ta murza wuri ɗaya. Jan kumatu ka sa shi a kan ɗanyen fenti domin ya nutse a cikin fata, ya zama jini ne ke gudana a ƙasa, ba kwalliya aka shafa ba. Wancan toka-tokan da ka ajiye a gefe, ɗan kaɗan za ka taɓa a inda haske ke juyawa zuwa inuwa, wato gefen muƙamuƙi da gefen goshi. Shi ke sa fuska ta zagaya.

Sai batun iyakoki, wanda a ganina shi ne sirrin fuskar yaro baki ɗaya. Duk inda launi biyu suka haɗu akwai iyaka, ko dai mai kaifi ko mai laushi. A fuskar dattijo ƙashi da tamoji suna ba da iyakoki masu kaifi da yawa. A fuskar yaro kusan babu. Ka ɗauki busasshen buroshi mai laushi, ka bi mahaɗar launuka sau ɗaya ko biyu a hankali, ka tsaya. Kada ka ja layi daga gefen hanci zuwa gefen baki, ko da ka ga alamar inuwa a wurin. Layin nan shi kaɗai yana ƙara wa yaro shekara ashirin. Haka ma ƙarƙashin ido. Amma kuma kada ka laushe komai har fuskar ta zama hayaƙi. Ka bar kaifi a wurare kaɗan: fatar ido ta sama, ƙofar hanci, tsakiyar baki, da inda haɓa ta haɗu da duhun wuya.

Idanu suna cikin inuwa, don haka farin idon ba fari ba ne. Ka haɗa shi da toka-toka da ɗan launin fata, ya fi hasken kumatu duhu sosai. Ƙwayar idon yaro tana cika ido fiye da ta babba, farin da ake gani kaɗan ne. Ka yi idanun biyu tare, taɓa wannan ka taɓa wancan, kada ka gama ɗaya ka koma ɗaya, in ba haka ba kowanne zai kalli gabansa. Ɗigon hasken ido shi ne na ƙarshe, kuma ƙarami.

Leɓe ba a zagaye shi da layi. Na sama ya fi duhu domin yana kallon ƙasa, na ƙasa ya fi haske, gefunansa kuma suna narkewa cikin fata. Kusurwoyin baki biyu su ke riƙe da yanayin yaron duka. Ɗan ɗagawa kaɗan sai ya koma murmushin ɗaukar hoto, ɗan saukarwa kaɗan sai ya koma fushi. Na Sully bai yi ko ɗaya ba, kallon natsuwa yake yi, kuma wannan natsuwar ce ta sa ake tsayawa a gabansa fiye da shekara 200 bayan an zana shi.

Mataki na 8: Malafa, riga da baya

Malafar ba ta son dogon aiki. Oka da amba a ƙasanta, oka da fari a inda rana ta buga. Kada ka zauna ƙirga zaren saƙa; 'yan bugun buroshi masu bin zagayen malafar sun isa ido ya cike sauran. Bakin yagewar ne kawai za ka ba kaifi da fenti mai kauri.

Wuyan riga fari ne, amma tsantsar fari wuri biyu ko uku kawai zai shiga. Sauran toka-toka ne mai ɗan ɗumi. Ka yi shi da babban buroshi cikin sauri, kada ka koma kansa. Bayan yaron kuwa amba ne da ɗan baƙi da siyana, siriri, kuma ka bar gefen kafaɗu ya ɗan nutse a cikinsa.

Mataki na 9: Bushewa da shafi na biyu

Fentin mai ba ƙafewa yake yi kamar ruwa ba, iska yake sha a hankali ya daskare.  Ka jingine katakon a ɗaki mai iska da ɗan haske, fuskarsa tana kallon bango ba tare da ta taɓa shi ba, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Fari da jan kadmiyam da baƙin aibori suna da nawar bushewa, don haka ka ba shi mako guda ko fiye, har sai ka taɓa gefe da yatsa bai kama ba.

Sannan ka kwatanta shi da na asali. Inda inuwa ke son ƙarin zurfi ko kumatu ke son ƙarin ɗumi, ka haɗa ɗigon launi da ɗan man linsid, babu fari a ciki, ka shafa siriri ta yadda ana ganin na ƙasa, ka rage da tsumma. Gyara uku ko huɗu, ka ajiye buroshi. Yawan komawa yana tsofar da fuskar yaro fiye da kowane kuskure.

A bayan katakon ka rubuta sunanka da shekara, ka kuma rubuta cewa kwaikwayon aikin Thomas Sully ne na 1820. Kada ka sa sunansa a gaba kamar shi ya sa hannu. Banish kuma, wato shafin ƙyalli na ƙarshe mai kare fenti, ba a shafa shi sai bayan wata 6 zuwa shekara, kuma na masu zane, wanda ake iya cirewa, ba na kafinta ba.

Buroshi ka goge da tsumma, ka ɗauraye a ruwan tsinka fenti, ka wanke da sabulu. Tsummokin da suka sha man linsid kada ka dunƙule su a kwando, suna iya yin zafi su kama wuta da kansu. Ka shanya su a waje ɗaya-ɗaya, ko ka jiƙa su a ruwa cikin gwangwani mai murfi. Taga kuma ta kasance a buɗe duk lokacin aiki.

Idan za ka gwada da yaro na gaske

Bayan kwaikwayo ɗaya ko biyu, ka nemi izinin iyayen wani yaro, ka zaunar da shi kusa da ƙofa ko taga yadda haske zai zo ta gefe ɗaya daga sama, ka ɗora masa malafa. Minti 15 ya isa zama ɗaya, kuma a sami mai ba shi labari a daidai inda kake son ya kalla. Tulin launukanka ne za su canza. Ga fata mai duhu, siyana da amba ne tushe, da ɗan ja da shuɗi, fari kuma kaɗan ƙwarai, domin yawansa yana sa fatar ta yi furu-furu. Hasken da ke kan goshi da kumatu da karan hanci yakan ɗauko launin sararin sama, don haka ka haɗa shi da ɗigon shuɗi, ka ajiye shi da bugu ɗaya. A cikin inuwar malafa kuma ka nemi jan da ke ɓoye, ka fara da shi kafin ka ƙara duhu.